Fury da Joshua: Amsoshin Tambayoyinku Kan Damben da Ake Ta Jira

Wasiƙun da suka shigo filin nan a 'yan makonnin nan kusan duk magana ɗaya suke yi: idan aka saka Tyson Fury da Anthony Joshua, 'yan damben boksin masu nauyi na Ingila, cikin igiya guda, wa zai kai wani ƙasa? Mun haɗa tambayoyin da suka yi kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Malam, ni ban ga abin gardama a nan ba. Francis Ngannou ya kai Fury ƙasa, da ƙyar Fury ya sha. Joshua kuwa ko turmi biyu bai bari Ngannou ya cika ba. Ai lissafi ya fita. — Wani mai karatu daga Kano

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka faɗa haka ya faru. Ranar 28 ga Oktoba 2023 a Riyad, Ngannou ɗan Kamaru, wanda bai taɓa damben boksin na ƙwararru ba kafin ranar, ya zubar da Fury da naushin hagu a turmi na uku. Bayan turmi goma alƙalai biyu suka ba Fury, ɗaya ya ba Ngannou. Ranar 8 ga Maris 2024 kuma Joshua ya kai shi ƙasa sau uku, na ƙarshen bai tashi ba sai da likitoci suka shigo. Amma idan da irin wannan lissafin za mu bi, to mu bi shi har ƙarshe, don ba Ngannou kaɗai suka haɗa ba.

Wladimir Klitschko: Fury ya same shi a Jamus a Nuwamban 2015, lokacin Klitschko na shekara tara da wani abu riƙe da kambun duniya, ya cinye shi da maki ba tare da ya sha wani naushin kirki ba. Joshua ya same shi a filin Wembley na Landan a Afrilun 2017, Klitschko na da shekara 41, ya kuma yi wata goma sha bakwai bai yi dambe ba, amma sai da ya kwantar da Joshua a turmi na shida kafin Joshua ya gama da shi a na sha ɗaya. Nan Fury ne a gaba. Otto Wallin: ya fasa wa Fury gira a 2019, suka kai turmi goma sha biyu, Joshua ya sa kusurwar Wallin, wato masu horar da shi, ta ce a tsaya bayan turmi biyar a Disambar 2023. Nan Joshua ne a gaba. Dillian Whyte: Joshua ya gama da shi a turmi na bakwai a 2015 bayan shi ma ya sha girgiza a na biyu, Fury ya gama da shi a na shida a 2022, kuma dukansu da naushin ƙasan haɓa. Oleksandr Usyk ya cinye kowannensu sau biyu. Ka ga lissafin bai fita ba.

Abin da ya kamata a duba a damben Ngannou shi ne dalili. Babban makamin Fury a 'yan shekarun nan shi ne ya rungume mutum ya ɗora masa nauyi a wuya har ƙafafunsa su mutu. Ngannou kuwa daga wasan da ake haɗa naushi da kokawa ya fito, nauyinsa ya haura kilo 120, rungumar ma shi ta fi yi wa daɗi. Da wannan makami ya faɗi, Fury ya rasa abin kamawa, ga shi alamu sun nuna bai ɗauki damben da muhimmanci ba, hankalinsa na kan Usyk. Joshua kuma ya samu turmi goma na bidiyo ya yi nazari. Bai yarda an rungumi juna ba, ya tsaya daga nesa, da Ngannou ya juya tsayuwa ya koma bahago a turmin farko, hanyar miƙaƙƙen naushin dama ta buɗe, Joshua ya bi ta nan. Wannan ya nuna mana Joshua na da naushi da ido. Bai nuna mana yadda zai yi da mutumin da ya fi shi tsawo, wanda ba ya tsayawa wuri ɗaya ba.

Tambaya: Ana ta cewa Fury ya fi tsawo da tsawon hannu. Nawa ne bambancin, kuma me Joshua zai yi ya isa gare shi? — Wani malamin makaranta daga Zariya

Amsa: Malam, a takarda Fury na da tsawon santimita 206, buɗin hannuwansa daga yatsa zuwa yatsa 216. Joshua na da 198 da 208. Tazarar santimita takwas ke nan a kowanne. Tun da buɗin hannu biyu ake aunawa, a hannu ɗaya bambancin bai wuce santimita huɗu ba. Da Fury a tsaye yake kamar turke, wannan ba komai ba ne. Matsalar ita ce yadda yake amfani da ita: yana tsayawa daidai inda tsikari, wato miƙaƙƙen naushi mai sauri na hannunsa na gaba, zai taɓa ka, naka kuma ya gaza da ɗan yatsa, sannan ya riƙa motsa kafaɗa da gwiwa kamar zai kawo naushi bai kawo ba. Duk lokacin da ka ɗaga hannu don karewa, ka fasa naka naushin. Haka ya daskarar da Klitschko, wanda ƙididdigar CompuBox, masu ƙirga naushi a dambe, ta nuna naushi 52 kacal ya saukar a turmi goma sha biyu. Joshua kuma kusan duk rayuwarsa shi ne dogon. Bai saba zama gajeren ba.

Hanyar shiga sananniya ce, aiwatar da ita ne wuya. Na farko, tsikari ya tafi ƙirji, ba kai ba. Kan Fury yana zillewa, yana kwantawa baya, amma ƙirji ba ya zuwa ko'ina, kuma naushi a ƙirji yana tsayar da mutum na ɗan lokacin da ake buƙata. Sannan tsikarin ya zama biyu a jere, ƙafar gaba na shiga da na farko, ƙafar baya na biyowa da na biyu. Wanda ya jefa dama alhali ƙafarsa ta baya na can nesa, naushin zai mutu a hanya, shi kuma ya kifo gaba, haɓarsa ta faɗa kan naushin ƙasa na Fury, wanda ya kwantar da Whyte.

Sai tare hanya. Ba a bin Fury a baya, zagaye kawai za a yi ta yi. Idan ya yi hagu, kai ma ka taka gefe ka rufe, har bayansa ya taɓa igiya. A jikin igiya yakan jingina ya ja kai baya, nan ne cikinsa ke buɗe. Usyk ya yi ta zuba masa hagu a ciki tun turmin farko, kuma wannan na cikin abin da ya sauko da hannayensa kafin a kai turmi na tara. Joshua ya iya dukan ciki, ya nuna haka a turmi na tara na dambensa na biyu da Usyk a Jidda, sai dai ba ya yawan yi da wuri.

Akwai kuma wani Furyn daban. Tun da ya koma hannun koci SugarHill Steward kafin dambensa na biyu da Deontay Wilder a Fabrairun 2020, ya koyi takowa gaba: tsikari mai nauyi, dama a bayansa, sai runguma da danne wuya. Ranar yana da kusan kilo 124, Wilder kusan 105. Joshua ba Wilder ba ne, ya fi shi kauri da ƙarfin ƙafa, amma tsoka mai yawa tana cin numfashi, kuma ɗaukar wani ƙato a wuya turmi bayan turmi zai bayyana a kansa daga na bakwai. Maganin shi ne kada ya sunkuyar da kai ƙasa da hammatar Fury, ya sa damtse a ƙirjinsa, ya juya ya fita ta gefe, hannun da ke sake kuma ya yi ta aiki a haƙarƙari. Alƙalin wasa ma na da hannu a nan: Kenny Bayless ya cire wa Fury maki ɗaya a turmi na biyar na damben Wilder na biyu saboda riƙo. Idan aka samu alƙalin da ke raba su da sauri, ribar Joshua ce.

Ku lura da ma'auni ranar jajibiri. Ajin masu nauyi ba shi da iyaka ta sama, daga kilo 90.7 ne zuwa abin da ya samu, saboda haka nauyin da mutum ya zo da shi yana faɗin shirinsa. Joshua ya zo da kusan 107 ranar da ya rama wa Andy Ruiz, ya yi damben ƙafa da tsikari. Ya zo da kusan 114 a damben Ngannou da na Daniel Dubois, neman kisa. Fury ya zo da kusan 119 a karon farko da Usyk. Idan ya haura 123, danniya ya zo yi.

Tambaya: Ni ɗan kallon damben gargajiya ne. A wajenmu hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare. Na ji an ce an sha kai Fury ƙasa. To ta yaya ake cewa ya fi Joshua jure duka? — Wani mahauci daga Gusau

Amsa: Sannu da aiki, ɗan'uwa, tambayarka ita ce zuciyar wannan gardama. A boksin faɗuwa ba ta ƙare dambe. Alƙali zai tura wanda ya yi dukan zuwa kusurwar da ba ta kowa ba, ya fara ƙirga zuwa goma. Ko mutum ya miƙe a uku, sai an ƙirga masa takwas. Daga nan alƙali ya dubi idonsa, ya ce ya tako gaba, ya goge masa safar hannu, in ya gamsu a ci gaba. Idan igiya ce ta tare mutum da zai faɗi, shi ma faɗuwa ce.

Kafin ya haɗu da Usyk, an kai Fury ƙasa sau bakwai: Neven Pajkic a 2011, Steve Cunningham a 2013, Wilder sau biyu a Disambar 2018, Wilder sau biyu kuma a turmi na huɗu a Oktoban 2021, sai Ngannou. Duka ya tashi, kuma babu damben da ya rasa a cikinsu. Wanda aka fi tunawa shi ne turmi na sha biyu na karon farko da Wilder: ya kwanta rigingine, alƙali Jack Reiss ya ƙirga, ya miƙe dab da goma, ya ƙarasa turmin yana bin Wilder. Saboda haka ba a cewa Fury ba ya faɗuwa. Abin da ake cewa shi ne kansa yana washewa da sauri, kuma ya san abin yi a daƙiƙa talatin da ke biyo baya: runguma, jingina, ɓata lokaci har ƙararrawa. Ku kuma lura, yawancin faɗuwar nan naushin dama ne ya jawo su, musamman wanda ke zagayowa ta saman hannunsa na hagu idan ya sauke shi. Mafi kyawun makamin Joshua ke nan.

Matsalar Joshua ta wani wajen take, kuma ta maimaita kanta har ta zama abin da kowane koci ya sani. Haɗarinsa yana zuwa ne a daidai lokacin da ya ji wa abokin karawarsa ciwo. A 2017 ya kwantar da Klitschko a turmi na biyar, ya zuba duk abin da ke gare shi don ya gama, numfashi ya ƙare, a na shida shi ne a ƙasa. Ranar 1 ga Yuni 2019 a New York ya kwantar da Ruiz a turmi na uku, ya rugo ya ƙarasa, ya tsaya musayar naushi da mai hannu da sauri a kusa, hagun Ruiz ya same shi a gefen kai kusa da kunne. Duka a wannan wuri ƙafa yake kashewa, shi ya sa bai dawo daidai ba har aka tsayar a na bakwai bayan faɗuwa huɗu. A Jidda a Agustan 2022 ya takura Usyk a turmi na tara, a na goma Usyk ne ke wasa da shi don ya gaji. Sai Satumbar 2024 a Wembley: bayan ya sha faɗuwa tun turmin farko, ya girgiza Dubois da dama a na biyar, ya tako ya kawo naushin ƙasan haɓa daga nesa, hannunsa na hagu a ƙasa, Dubois ya riga shi da gajeriyar dama. Nan aka tashi.

Naushin ƙasan haɓa na kusa ne. Wanda ya ɗauko shi daga nesa sai ya sauke hannu zuwa ƙugu, fuskarsa ta zauna a buɗe tsawon tafiyar naushin. Kuskure ne da ake hana yaro tun shekararsa ta farko a dambe, amma zumuɗin kisa yana mantar da gwani.

To haɗa su biyun. Mutum ɗaya yana da naushin da zai iya kai ɗayan ƙasa, ba ma shakkar wannan. Ɗayan kuma an san shi da tashi. Abin da zai raba gardama shi ne minti ɗayan da zai biyo bayan faɗuwar Fury. Idan Joshua ya natsu, ya koma tsikari, ya daki ciki, ya zaɓi naushi uku masu kyau maimakon ashirin na gaggawa, zai iya gamawa ko ya ajiye maki biyu a aljihu ya ci gaba. Idan ya rufe ido ya zuba, Fury zai rungume shi, ƙararrawa ta kaɗa, sauran damben kuma ya zama na Fury.

Tambaya: Ina kallo tare da maigidana da yara, amma yadda ake ba da maki yana rikita ni. Idan ba a yi bugun kwaf ɗaya ba, me alƙalai ke dubawa? — Wata uwargida daga Maraɗi

Amsa: Hajiya, alƙalan maki uku ne, kowanne a gefensa na fage, ba sa shawara da juna. Damben irin wannan turmi 12 ne, kowane turmi minti uku, hutu minti ɗaya. Kowane turmi ana yanke masa hukunci shi kaɗai: wanda ya ci 10, ɗayan 9. Idan an kai mutum ƙasa sau ɗaya yawanci 10 da 8 ne, sau biyu 10 da 7. Abin da ake dubawa huɗu ne: naushin da ya sauka tsaf da gaban safa, takowa gaba mai amfani, iko da fage, da kariya. Na farkon ya fi sauran nauyi. Naushin da ya sauka a damtse ko safa ba ya cikin lissafi, ko da 'yan kallo sun yi ihu.

Ga misali da zai nuna miki nauyin faɗuwa ɗaya. Ranar 18 ga Mayu 2024, a turmi na tara, Usyk ya yi wa Fury ruwan naushi har igiya ce ta riƙe shi, alƙali Mark Nelson ya ƙirga masa. Sakamako ya fito 115–112 da 114–113 ga Usyk, sai 114–113 ga Fury. Alƙalin da ya ba Usyk 114–113 ya raba musu turmi shida-shida ne. Makin faɗuwar ne kaɗai ya raba. Ba don shi ba da canjaras aka yi. A karo na biyu, 21 ga Disamba, duka ukun 116–112 suka rubuta, wato turmi takwas da huɗu.

A damben Fury da Joshua wannan tsari Fury yake taimako, don ya iya satar turmi: tsikari biyar ko shida masu tsabta, runguma, sai ɗan motsi a daƙiƙa ashirin na ƙarshe da zai zauna a ran alƙali. Joshua in yana jiran babban naushi ɗaya, turmi uku za su wuce shi bai ankara ba. In kina so ki gwada, ki ajiye takarda ki rubuta makinki da zarar ƙararrawa ta kaɗa, kafin a nuna maimaici, kuma ki rage muryar masu sharhi.

Tambaya: Wai me ya hana a yi damben nan tun tuni? Tsoro ne? — Wani ɗan kasuwa daga Kumasi

Amsa: Alhaji, wanda ya shiga fage da Wilder sau uku, da wanda ya shiga da Klitschko da Usyk, ba a kiransu matsorata. Takarda da kuɗi ne suka hana. A 2021 an kai gaɓar da ba a taɓa kaiwa ba: cikin kambun manyan hukumomin dambe huɗu na duniya, Joshua na riƙe da na WBA da IBF da WBO, Fury na riƙe da na WBC, an amince da dambe biyu, har Fury ya sanar da 14 ga Agusta a Saudiyya. Kwana ɗaya bayan sanarwar, a watan Mayu, mai sasanci a Amurka ya yanke cewa yarjejeniyar Fury da Wilder ta wajabta karo na uku. Shi ke nan. WBO ta ce Joshua ya kare kambunsa da Usyk, ranar 25 ga Satumba a filin Tottenham ya rasa duka ukun. A 2022 Fury ya yi tayin kashi 60 da 40 don a yi ranar 3 ga Disamba, ɓangaren Joshua ya ce ya yarda, amma wa'adin sa hannu ya wuce ana jayayya, Fury ya yi da Derek Chisora a ranar.

Abubuwan da ake zama a kansu suna da yawa. Rabon kuɗi. Tashar da za ta nuna, don kowanne na da tasa yarjejeniyar: Eddie Hearn ke shirya wa Joshua, Frank Warren ke shirya wa Fury a Birtaniya, kuma shekaru da dama tashoshinsu daban ne. Sharaɗin ramuwa idan wani ya faɗi. Gwajin ƙwayoyi, wanda hukumar VADA kan yi. Kamfanin safar hannu, duk da nauyinta oza 10 ne ga kowa. Faɗin fage, wanda yawanci ƙafa 20 ne amma ana iya ragewa ko ƙarawa. Har da sunan wa zai zo farko a allon talla da wanda zai shigo fage daga baya. Kada a raina ƙananan nan: ranar damben Klitschko sai da ɓangaren Fury ya yi barazanar fasawa saboda soson da aka shimfiɗa ƙarƙashin tamfol ya yi kauri, wanda ke kashe ƙafar mai yawo, aka rage shi.

Kuɗin Saudiyya ta hannun Turki Alalshikh, jami'in da ke shirya manyan dambe a ƙasar, ya sauƙaƙa rabin waɗannan tun 2023, har Hearn da Warren suka koma aiki tare. Abin da kuɗi bai iya hanawa ba shi ne faɗuwa a damben share fage. An shirya Joshua da Wilder, sai Joseph Parker ya cinye Wilder a Disambar 2023, maganar ta mutu a daren. Fury ya rasa kambun WBC a Mayun 2024, ga shi kuma ya sha sanar da ritaya, a 2022 da Janairun 2025. Damben da a 2021 zai fitar da sarki ɗaya mai kambu huɗu ya koma na raba gardamar 'yan Ingila biyu. Wannan asara ce ta gaske ga wasan, kuma masu shiryawa ne suka jawo ta.

Tambaya: Girar Fury da ta taɓa fashewa, za ta iya sa a tsayar da dambe? — Wani ma'aikacin jinya daga Yola

Amsa: Za ta iya, Malam. Ɗinki 47 aka yi masa a saman idon dama bayan damben Wallin, kuma a Fabrairun 2024 wajen ya sake fashewa a atisaye har aka ɗage dambensa da Usyk daga 17 ga Fabrairu zuwa Mayu. Fatar tabo ba ta da jurewar ta asali. Doka ta raba biyu: idan naushi ne ya fasa, likita ya ce a tsaya, mai raunin ya faɗi. Idan karon kai ne ba da gangan ba, kafin a cika turmi huɗu babu wanda ya ci, bayan huɗu kuma a koma takardun maki. Mai kula da rauni a kusurwa minti ɗaya gare shi, a zahiri ma bai fi daƙiƙa arba'in da biyar ba: ya goge, ya danna auduga mai ruwan adirenalin a cikin raunin, ya matse, ya shafe da basilin, ya ɗora ƙarfe mai sanyi a kan kumburi. Raunin saman ido ya fi na ƙasa haɗari don jini na gangarowa cikin ido. Idon dama kuwa hannun hagun Joshua ne ke kallonsa, wani dalilin ke nan da zai sa ya yawaita tsikari da lanƙwasasshen hagu.

Tambaya: Joshua ɗan Najeriya ne ko ɗan Ingila? Muna ta musu a majalisa. — Wani matashi daga Jos

Amsa: A Watford ta Ingila aka haife shi a 1989, kuma Birtaniya ya ciyo wa zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012. Asalin gidansu Shagamu ne a jihar Ogun, yana zuwa, yana kuma ɗauke da zanen taswirar Afirka a kafaɗarsa ta dama da Najeriya a fili a ciki. Kowane ɓangare na majalisarku na da gaskiyarsa.

Tambaya: Ku daina kewaye-kewaye. Wa zai ci? — Masu karatu da dama

Amsa: Fury muka ba, da maki, amma ba da tazarar da za mu ba shi a 2021 ba. Dalilanmu: ya fi iya canza salo a tsakiyar dambe, yana iya juyawa bahago, ya fi sanin yadda ake hutawa cikin turmi, kuma turmi shida na ƙarshe sun fi zama nasa. Ko a karonsa na farko da Usyk, turmi na huɗu zuwa na shida shi ke jan ragama, har ya girgiza shi da naushin ƙasan haɓa.

Abin da ya rage tazarar shi ne shekaru. An haifi Fury a 1988, kuma salonsa a kan ƙafa da saurin zillewa ya dogara, su ne kuwa ke fara tafiya. Dambe uku da Wilder ba su bar shi yadda suka same shi ba. Ƙarfin naushi shi ne ke jimawa a jikin ɗan dambe, wannan kuma Joshua yake taimako. Akwai kuma Ben Davison, wanda ya horar da Fury lokacin dawowarsa a 2018 har zuwa dambensa da Wallin a 2019, daga baya ya tsaya a kusurwar Joshua a damben Wallin da Ngannou da Dubois. Abin da Joshua ya koya a hannunsa game da ɗabi'un Fury ba ƙaramin jari ba ne.

Ga abin da za ku duba a turmi uku na farko. Idan ƙafar Joshua ta gaba tana shiga, tsikarinsa na sauka a ƙirji, bayan Fury na taɓa igiya sau biyu ko uku a kowane turmi, to damar tana tafe, kuma tsakanin turmi na uku da na shida za ta zo. Idan kuka ga Joshua a tsakiyar fage hannu a sama, yana ƙyafta ido duk lokacin da Fury ya motsa kafaɗa, yana ja da baya a miƙe maimakon ta gefe, Fury zai tara turmi, daga na takwas ya fara ɗora masa nauyi, kuma ba abin mamaki ba ne alƙali ya shiga tsakani kafin na sha biyu.